Hannun Makarar da Na Rufe da Fenti

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa gare ka, Abba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga gare ni da mahaifiyarka da kakarka Inna da ƙannenka duka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, motarku ba ta tsaya ko'ina ba sai inda direba ya yi niyyar tsayawa, babu kuma wanda ya fito daga cikin dawa ya ɗaga muku hannu. Allah ya tsare ka a aji, ya tsare ka a ɗakin kwana, ya tsare ka a bakin rijiya. Amin.

Na cusa ta a ƙasan akwatinka don kada ka gan ta sai ka isa. Labarin gida babu, ɗazu ka bar shi. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci, ko sunanka na yanka ba na iya kira, balle in zaunar da kai in dube ka in faɗi abin da zan faɗa. Bakina ya iya faɗa, duk tashar Ƙanƙara sun shaida. Wannan maganar ce kaɗai ta fi ƙarfinsa, shi ya sa na ba wa biro. Kusa da takardar za ka ga tsohuwar hulata a naɗe da wani abu a ciki. Kada ka buɗe sai ka kai ƙarshe.

Ka tuna ran da takardarka ta zo. Makarantar shiyya, wadda ke kwasar yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa in sun gama aji uku na sakandare, ta ba ka gurbi, amma a ɓangaren sana'a, ajin kafinta, ba ajin kimiyya da ka sa rai ba. Ka yar da takardar a tsakar gida ka ce, "Ni za a ba zarto? Wannan ai ajin daƙiƙai ne. In na je sati biyu zan yi in gudo." Na taso maka da tsawa har mahaifiyarka ta shiga tsakani. Kana tsammanin rashin kunyarka ce ta tayar min da hankali. A'a. Muryata na ji ta fito daga bakinka. Abin da ka faɗa na taɓa faɗinsa, kusan kalma da kalma, a kan wannan makarantar, a kan wannan ajin. Kai ka san na yi dako, na yi acaba, yanzu ina lodin hatsi. Ba ka san na taɓa zama inda za ka zauna ba. Zango biyu na yi a can.

Bari in gaya maka yadda take, don ni babu wanda ya gaya min, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Da safe duk tare kuke zama, Turanci da lissafi da addini, ɗan kimiyya da ɗan kafinta benci ɗaya. In an kaɗa ƙararrawar bayan tara sai hanya ta rabu. Su su nufi ɗakin gwaje-gwaje da farar riga, ku ku bi ta bayan kicin zuwa wani dogon ɗaki inda ake kafinta da walda da wayarin. A ƙarshe jarabawar da za su zauna ta Turanci da lissafi kai ma za ka zauna ta, sannan ka ƙara da takardar sana'arka. Wanda ya so ci gaba da karatu hanya a buɗe take. Ni duk ban san wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne su suna da farar riga ni ina da dusar katako a gashi.

Kuskurena na farko, na shiga aji huɗu ban iya karatu ba. Ka karanta layin nan sau biyu in ka ga dama. Na iya rubuta sunana, na iya lambobi, na iya kwafe abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, amma ka miƙo min shafi ɗaya ka ce in karanta, sai haruffan su riƙa yawo kamar tururuwa. Satar amsa da baki su suka kawo ni har can. Duk ran da malami ya nuna ni ya ce in tashi in karanta, sai in tayar da faɗa da na kusa da ni a kore mu waje. Gara a ce ni fitinanne ne da a ce ban iya ba. Abba, in akwai abin da ba ka iya ba, ɗaga hannu ka ce ban iya ba. Za su yi dariya, daga nan zuwa azahar sun manta. Ni na guje wa dariyar rabin yini, ka ga dai inda za ta kai ni.

Malamin kafinta sunansa Malam Iro, wani dogon tsoho ɗan wajen Tafoki. Shekarun da ya yi kusa da injin yanka katako sun cinye masa kunne, sai ka ɗaga murya kafin ya ji. Yana da wata al'ada tasa da ba ta cikin littafin makaranta. Duk shekara, in sababbin ɗalibai sun gama koyon riƙe zarto da cizal, babban aikinsu na farko ba kujera ba ce, ba teburi ba ne. Makara ce. Yara huɗu-huɗu, kowa da kusurwarsa. In an gama a shafa mata koren fenti a kai wa masallacin wani ƙauye sadaka. Kowane yaro sai ya sassaƙa lambarsa a ƙarƙashin kusurwar da ya haɗa. Tawa goma sha bakwai ce, kusurwata kuma ta gaba ce ta hagu, wajen kai.

Ran da ya faɗi aikin sai na miƙe a gaban kowa na ce, "Malam, 'yan kimiyya ana koya musu ceton rai, mu ana koya mana ɗaukar gawa. Mu aka raina ke nan?"

Ya kama kunne ya ce, "Mi ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi, yara na dariya. Bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce, "Likitan ma bisa gare ta za ya tahi. Kujera in ta karye mai ita ya tashi ya kakkaɓe riga ya zage ka. Wanda ke bisa wagga ba ya iya riƙe komi, ba ya iya cewa komi. Shi ya sa nike hwara muku da ita. Zamna."

Na zauna, amma da zuciya. Kuskurena na biyu ke nan, na ɗauki cizal ina jin haushi. Aikin shi ne ka huda rami a jikin dogon katakon gefe, wanda ƙarshensa shi ne hannun da ake ɗorawa a kafaɗa, sannan ka fere bakin katakon gicciye ya shiga ramin daram ba tare da ƙusa ba. A hankali ake yi, ana bugu ana dubawa. Ni kuwa ina bugu ina tuna farar riga. Kusa da ramin akwai ƙulli, inda reshe ya taɓa fitowa a jikin icen. Na sauke guduma da duk ƙarfina, sai na ji wani ɗan sauti, ƙas. Tsaga ta tashi daga bakin ramin ta bi jikin katakon ta nufi hannu, tsawon tafin hannuna.

Babu wanda ya gani. Gyaransa ɗaya ne, in je in ce Malam na ɓata, a cire dogon katakon nan na maɗaci gaba ɗaya a nemo wani, yaran da na sa dariya jiya su yi min tasu yau. Na ƙi. Da aka fita cin abincin rana sai na zauna ni kaɗai a dogon ɗakin nan, injuna sun yi shiru, sai ƙarar kwanon rufi yana miƙewa a rana. Na buga ƙusa biyu a karkace na danne kawunansu ciki. Na kwaɓa dusar katako da gam na cike tsagar, na goge ta ta yi sumul. Ina da hannu, Abba, wannan ne abin takaicin. Na ɓoye ta da kyau fiye da yadda wasu suka yi aikin gaskiya. In zuciyarka ta tashi, ajiye abin da ke hannunka, ko guduma ce ko biro ko magana. Fita ka sha ruwa. Katako ba ya guduwa.

Ran gwaji aka fito da makarar tsakar fili da hantsi. Al'adar Malam ita ce ɗalibi ɗaya ya kwanta a kai, masu aikin huɗu su ɗaga su zagaya ɗakin. Wani Lawwali ɗan Sabuwa ya kwanta, siriri kamar karan dawa. Da farko yana wasa, yana cewa ku yafe min bashin ƙuli-ƙuli. Da muka ɗaga shi sama sai wasan ya ƙare. Muka zagaya babu mai tari, inuwarmu na tafe a ƙasa, mutum huɗu da dogon abu a kansu. Da muka sauke shi ya tashi ya ce shi ba zai sake ba ko za a kore shi. Makara dai ta riƙe shi. Me ke jikin Lawwali?

Sai Malam ya bi kusurwa-kusurwa yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa. Katako mai lafiya sautinsa a dunƙule yake, mai tsaga kuwa yana da wani amo kamar ƙwarya fasasshiya. Ya zo tawa ya ƙwanƙwasa. Na ji amon sarai. Ya sunkuya ya kara kunnensa, ya sake bugawa, ya ɗago ya dube ni.

"Kunnena ya mutu," in ji shi. "Ara mani naka. Mi ka ji?"

Na ce, "Ba komi, Malam."

Ya dube ni cikin ido, sannan ya ce a kawo fenti.

Kwana kaɗan bayan haka wani ɗan kimiyya ya kira mu 'yan makara a layin abinci, na fasa masa baki da kwano, ban jira hukunci ba na haura katanga. Na koma ƙauyenmu can bayan Ketare na ce wa Baba, kakanka, makarantar ba ta da amfani. Sai ya miƙo min fartanya.

Bayan kamar wata biyu ina zaune a gindin dalbejiyar masallaci sai ga a-kori-kura ta tsaya. Aka sauke makara koriya, sabuwa fil. Liman na ta sa albarka. Na zagaya kamar mai taya su ɗauka, na sa hannu ƙarƙashin kusurwar gaba ta hagu. Yatsana ya ji ɗaya da bakwai. Direban ya tambayi wane ne ni a cikin samarin, ya miƙo min wata takarda a ninke ya ce Malam Iro ya ce hannu da hannu. Na buɗe a bayan masallaci. Rubutun haɗe ne irin na tsofaffin malamai, ban gane komai ba sai sunana a sama. Na ce a raina zagi ne, ko ƙarata ya kawo. In kai wa wani ya karanta min, asirina biyu sun tonu lokaci ɗaya. Na ninke ta na tura cikin rufin ɗakina.

Shekara uku makarar nan tana jingine a zauren masallacinmu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi duka, domin fasa katakon na minti ɗaya ne, wannan kuwa kullum sai na sake yin sa. Yini ɗaya ya isa in gyara ta. Amma in na ɗauko ta za a ce me ya same ta, wa ya gaya maka? Sai na zama mutumin da ba ya rasa jana'iza. Mutane na yabona, suna cewa yaron nan duk zafin kansa yana da tsoron Allah. Ba su san abin da nake bi ba. Kullum ina gefen hagu, wajen kai, kunnena a kan katako. Ta ɗauki yara, ta ɗauki tsofaffin da ciwo ya cinye. Wani lokaci in aka zo gangaren rafi sai in ji ta yi ɗan ƙara, kamar mutum ya cije haƙori. Ni kaɗai ke ji. Har ta kai in na shiga sallar azahar ba na iya tsayawa a sahun da ke kusa da zauren, don ina jin kamar tana bayana tana jira.

Sai Baba ya rasu, da damina, kwana biyu kawai ya yi a kwance. Ba ka san shi ba, mahaifiyarka na da cikinka a lokacin. Ƙato ne, kafaɗarsa ta cika ƙofa, ciwo kuma bai samu lokacin rage shi ba. Da aka ɗora shi na yi wuf na kama hannun gaba na hagu, na tura kafaɗata can ciki, ƙarƙashin ramin, yadda nauyin ba zai sauka a kan tsagar ba. Na ce a raina ko kafaɗata za ta tsinke ba zan saki ba har kushewa. Na manta da al'ada. Ba a barin mutum ɗaya ya riƙe makara har maƙabarta, kowa na son ya samu lada. Muna cikin hanyar da ta ratsa gonakin dawa sai maƙwabcinmu, wani dattijo, ya dafa ni ya ce, "Saki, ɗana, mu ma mu samu."

Me zan ce masa? A gaban liman, a gaban gari? Na saki. Ya ɗora kafaɗarsa a ƙarshen hannun, inda kowa ke ɗorawa.

Taku goma bai cika ba. Ba ta yi wata babbar ƙara ba, kamar dai an karya kara. Kusurwar ta nutse, Baba ya zamo ta wajen kai, farin likkafani ya shiga taɓo. Na ji sautin da kansa ya yi a ƙasa, har yau in aka sauke buhu a tasha wani lokaci sai in tsaya cak. Dawa ce kawai ke motsi. Mutane suka ruga ɗaga shi, ni kuwa, ɗansa, abin da na fara yi shi ne na sa ƙafa na take guntun hannun da ya ɓalle, na sunkuya kamar mai kuka na cusa shi a aljihu, don kada wani ya ga ƙusa da gam.

Ina tsugune na ji wani a baya ya ce a hankali, "Nauyi."

Kafin sadakar uku maganar ta zagaye gari. An ce Baba ya ci iyakar gona, ƙasar da ya ci ce aka ɗora masa har katako ya kasa ɗauka. Mutumin da in akuyarmu ta ci ganyen wani sai ya je ba da haƙuri da kansa! Inna ta ji. Ba ta yi musu da kowa ba. Da aka yi girbi ta sa aka ja iyakar gonarmu baya, kuyya biyu-biyu ta kowane gefe, ta bar wa maƙwabta, ko Allah zai sauƙaƙa masa. Suka karɓa, suka ce ka gani, da ma ta sani. Kai da kanka kana jin ta bayan kowace salla tana cewa Allah ya yafe wa malam, wato Baba, abin da ya ɗauka. Shekara goma sha shida ke nan tana nema masa gafarar laifin da ke cikin aljihuna. Ka tuna kana ƙarami ka dawo da kuka, yara sun ce maka mai sunan wanda ya karya makara, ka tambaye ni, na daka maka tsawa na ce kada in sake ji? Ga amsarka, ta makara da shekara takwas. Ka yafe min.

Bayan arba'in na zaro takardar nan daga rufi, gara ta fara cin gefenta. Na rantse sai na karanta ta da idona. Babu malamin da ya koya min. Da takardun da ake naɗe tsire na fara, da allunan shaguna, da littafin aji biyu na wata ƙanwata. Ina dako ina haɗa baƙi a jikin buhu. Daga baya na riƙa sayen tsofaffin littattafai a kasuwa, kowane iri, har yau ka san ba na zama babu takarda a hannu. Ya ɗauke ni kusan shekara kafin rubutun haɗe ya buɗe min. Ran da ya buɗe ina zaune a kan buhun masara a kasuwar Faskari, rana tsaka. Ga abin da ke ciki, na haddace:

"Na aiko da ita garinku don hannunka ya fi na kowa a ajin. Ran gwaji na dogara da kunnenka. In akwai abin da ka ji ba ka faɗa ba, gyara shi kafin a ɗauki kowa, babu wanda zai sani. Bencinka na nan, ka dawo."

Layi huɗu, Abba. Yaron aji uku na firamare zai karanta su kafin ya haɗiye loma. Shekara uku suna saman kaina ina kwana ina tashi. To ka gaya min, wane ɓangare ne na daƙiƙai? Safiyar makarantar nan na raina, na kasa karanta layi huɗu. Yammacinta na raina, na kasa haɗa katako biyu. Da na riƙe ko ɗaya daga ciki da kan kakanka bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya haɗa su a makaranta ɗaya ya san abin da yake yi. Kada in ji ka ce kai ɗan kafinta ne ba ruwanka da Turanci da lissafi, kada kuma in ji ka ce kai mai ƙwaƙwalwa ne zarto ya yi maka kaɗan.

Na je neman Malam Iro, amma sai da na ƙara jan ƙafa wata da watanni. Na isa lokacin hutu, babu kowa sai maigadi. Ya ce Malam ya rasu tun bara, a makarar da ɗalibansa suka yi aka kai shi, ko motsi ba ta yi ba. Ya buɗe min dogon ɗakin. An lulluɓe injuna da fararen ƙyallaye, a jere, kowanne da tsawonsa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Wanda ka ɓata wa, je ka same shi yau. Ni na tara haƙurin da zan bayar har na rasa mai karɓa.

Saura abu ɗaya. Ka san shekarun baya mutanen daji sun tashe mu, duk ƙauyen muka watse, wasu Ƙanƙara wasu Funtuwa. Bara na saci jiki na koma da rana don in ciro kwanon ɗakin Inna. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Babu kaza, babu jaki, babu turmi. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito a cikin murhu, dawa ta tsiro da kanta a tsakar gidan liman. Iyakar gonar da aka yi ta magana a kai ko alamarta babu, sabara ta haɗe tamu da ta maƙwabta. Na biyo ta masallaci. Makarar ba ta cikin zaure inda muka bar ta. Tana tsakar fili, a kan ƙafafunta, daidai inda ake ajiye ta in za a yi salla. Bayan rasuwar Baba maƙeri ya ɗaure hannun da ƙarfe, to ƙarfen ya tafi. An ɗaure wurin da igiyar shanu, ƙulli sabo, irin wanda ba namu ba. Na taɓa katakon. A jiƙe yake. An wanke ta, kuma ba a daɗe ba, ga ruwa bai gama shiga ƙasa ba, ga sawun babura ya nufi yamma.

Mutanen dajin ma suna mutuwa, ashe. Su ma a kanta suke tafiya. Ban san abin da ya sa ba, na sa yatsa ƙarƙashin kusurwar. Ɗaya da bakwai na nan. Gari ya tashi, masallaci ya zama kango, aikin da na yi cikin fushi a rabin sa'a yana nan yana ɗaukar mutane, har waɗanda suka kore mu. Sai igiyar ta yi ƙara ita kaɗai, ko rana ce ke busar da ita, ban tsaya bincike ba. Na bar kwanon, na bar komai, ban waiwaya ba sai da na ga kwalta.

Yanzu buɗe hular. Guntun hannun ne. Dubi ƙusoshin yadda suka yi tsatsa, dubi gam ɗin yadda ya zama gari. Juya ɗaya gefen ka ga fentin, har yau sumul. Ajiye shi a bencinka inda za ka riƙa ganinsa.

Ban ce dole ka mutu kafinta ba. Yi zango ɗaya da zuciya ɗaya. In har lokacin ranka na kan kimiyya, je ofishin shugaban makaranta da ladabi ka nemi a duba makinka, ni da kaina zan zo in tsaya a bayanka in kuma riƙe bakina. Amma katanga ba hanya ba ce. In ka haura ta ka dawo min, ba duka zan yi maka ba, zan dai san cewa na haifi kaina sau biyu, kuma ban san ko zan iya ɗauka ba.

Ni ma ga nawa. Na yi alkawari da Allah, da zarar motarku ta bar tasha ba zan koma lodi ba, ɗakin Inna zan shiga in durƙusa in gaya mata komai. Ran Juma'a kuma in tsaya a gaban mutanen ƙauyenmu da ke nan in maimaita. Lokacin da kake karanta wannan na riga na shiga. Ban san ko za ta sake duban fuskata ba. Amma sunan da kake ɗauke da shi zai isa makarantar nan a wanke. Kakanka bai ci ƙasar kowa ba. Duk wanda ya ce maka ya ci, nuna masa abin da ke cikin hular.

Roƙona ɗaya. Ko da wane aji ka ƙare, ka koyi haɗin nan na rami, wanda ba ya son ƙusa. In kun samu hutu zan nemi maɗaci mai kyau, marar ƙulli. Masallacin unguwarmu a nan aron makara suke yi. Kai za ka huda, kai za ka fere, ni in riƙe maka. In mun gama ba siririn yaro za mu ɗora ba, ni zan kwanta, na kusa kai Baba jiki yanzu. Sannan ka ƙwanƙwasa kusurwa huɗun ina ji kana ji, in tambaye ka abin da ka ji, ka faɗa min gaskiya.

Allah ya tsare min kai daga sharrin hanya da sharrin daji da sharrin zuciya irin tawa. Allah ya ba ka malamai masu haƙuri, ya ba ka kunnen jin su tun suna raye. Ya dawo min da kai lafiya, ya sa kai za ka ɗauke ni ba ni zan ɗauke ka ba. Ya jiƙan Baba, ya jiƙan Malam Iro. Amin.

Ka riƙe salla. Ka gaida malamin ajinku, ka ce in ji wani tsohon ɗalibi mai lamba goma sha bakwai.

Wassalam.
Mahaifinka.